Ƙiba Bayan Ɗaukewar Al'ada: Tarihin Likitoci da Masu Sayar da Magani

Ɗaukewar al'ada, wato tsayawar jinin haila gaba ɗaya har a cika wata 12 mace ba ta gan shi ba alhali ba ciki gare ta ba kuma ba wata cuta ce ta tsayar da shi ba, yakan zo wa yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55 da haihuwa, kuma a daidai waɗannan shekarun ne da yawa daga cikinsu suke ganin jikinsu yana nauyi, ƙugu yana faɗi, tumbi yana fitowa. Da yake abubuwan biyu tare suke zuwa, likitocin Turai da Amurka sun shafe fiye da shekara ɗari biyu suna ɗaukar cewa na farkon ne yake haifar da na biyun, kuma a kan wannan zato aka kafa wata babbar sana'a ta sayar wa mata masu matsakaicin shekaru tsarin abinci da ruwan magani da ƙwayoyi. Tarihin wannan sana'a tarihi ne na kasuwar da ta riga ilimi isa wurin mai saye, domin sai a ƙarshen ƙarni na 20 aka zauna aka bi mata shekara da shekaru ana auna su don a ga abin da yake faruwa da jikinsu a zahiri.

Magabata sun san lokacin sarai. Aristotle ya rubuta cewa haila takan tsaya wa mata wajen shekara 40, wasu kuma ta kai su 50, malaman fiƙihun Musulunci kuwa sun tattauna shekarun ne saboda hukuncin idda da salla da azumi, ba su lissafa al'amarin cikin cututtuka ba. Inda ya zama matsalar likita shi ne a ilimin da aka gada daga Jalinus, likitan Girka na ƙarni na 2, wanda Ibn Sina da sauran likitocin Musulmi suka faɗaɗa, ya kuma mamaye makarantun Turai har ƙarni na 18. A wannan ilimi, hanta ce take mayar da abinci jini, jikin mace kuma yana tara fiye da bukatarsa, sai ya zubar da rarar a kowane wata. Idan ƙofar fitar ta rufe, rarar ba ta da wurin zuwa, don haka ko dai ta daskare ta zama kitse, ko ta hau kai ta kawo jiri da zafin fuska. Maganin da ya biyo bayan wannan fahimta yana da nasa tsarin hankali: a rage abin da yake shiga ta hanyar hana nama da giya da cin dare, a kuma buɗe wa jinin wata hanya ta tsaga jijiya, ko ɗora matsattsaku, ko yin ƙaho irin wanda wanzamai suke yi, tare da maganin wankin ciki.

A shekarar 1776 wani likitan Landan mai suna John Fothergill ya wallafa maƙala kan yadda ya kamata a kula da mace a wannan lokaci, inda ya yi watsi da tsohon camfin da yake cewa jinin haila guba ne, ya kuma nuna cewa mata da yawa suna wuce wannan mataki ba tare da bukatar likita ba, amma duk da haka ya tsaya a kan rage abinci da ɗan fitar da jini ga masu cikar jiki. A Faransa, likita Charles de Gardanne ya rubuta littafi sukutum a kan batun a 1816, ya sake fitar da shi a 1821 da sunan da harsunan Turai suke kiran wannan mataki da shi har yau. A 1857 Edward Tilt ya fitar da littafinsa a Ingila bisa bayanan mata 500 da ya duba, kuma a cikin lissafinsa akwai wani abu da ya kamata ya tsayar da masu ɗora laifin ƙiba a kan tsayawar jini: daga cikin matan da al'adarsu ta daɗe da ɗaukewa wasu sun ƙara jiki, wasu suna nan yadda suke, wasu da dama kuma ramewa suka yi. Ba a bi wannan sawu ba. Masu hali sai suka riƙa tafiya garuruwan ruwan ma'adini irin su Marienbad, a ƙasar Cek ta yanzu, inda ake shan ruwa mai saka gudawa, ana yawo da ƙafa da sassafe, ana cin abinci ƙayyadadde na tsawon makonni, wanda ya rage nauyi kuma ya gode wa ruwan.

Waɗanda ba su da kuɗin tafiya kuwa an kawo musu magani a kwalba. A 1875 Lydia Pinkham ta garin Lynn a jihar Massachusetts ta fara sayar da wani tsimi na saiwoyi da 'ya'yan hulba wanda aka tallata a matsayin maganin kusan kowace damuwar mata, har da ta lokacin ɗaukewar al'ada. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan kwalbar barasa ce, abin da yawancin masu saye ba su sani ba sai da dokar abinci da magunguna ta Amurka ta 1906 ta tilasta a rubuta shi a jikin kwalba. Dabarar kamfanin ita ce gayyatar mata su rubuto wasiƙa su faɗi damuwarsu ga Misis Pinkham, kuma an ci gaba da amsa wasiƙun da wannan suna shekaru bayan rasuwarta a 1883, har sai da wata mujallar mata ta buga hoton kabarinta a 1905. Bai kamata a raina matan da suka rubuta waɗannan wasiƙu ba, domin sun rubuta ne a zamanin da likita namiji ba ya sauraren irin wannan ƙorafi, kuma mai sayar da tsimi ya gane tun da wuri cewa mace mai shekara 50 tana neman wanda zai saurare ta kafin ta nemi magani.

A farkon ƙarni na 20 ne ƙiba ta tashi daga abin da ido yake gani ta koma lamba. Kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, ya shiga gidajen Amurka ta littafin likita Lulu Hunt Peters na 1918, wanda ya koya wa mata ƙirga kowace loma. Kamfanonin inshorar rai, waɗanda ribarsu ta dogara ga sanin wanda zai riga mutuwa, sun lura cewa masu nauyi cikin abokan cinikinsu sun fi saurin mutuwa, sai kamfanin Metropolitan Life ya fitar da jadawalin nauyin da ya dace da mata a 1942. Jadawalin ya yi la'akari da tsawo da girman ƙashi amma bai bar gurbin shekaru ba ga duk wadda ta kai 25, ma'ana mace mai jikoki za a auna ta da ma'aunin amarya. Daga nan sikeli ya zama alƙalin lafiyar mace, kuma kamar yadda zai bayyana daga baya, sikeli shi ne kayan awon da ya fi kowanne kasa ganin abin da ɗaukewar al'ada take yi wa jiki.

A gefe guda kuma ilimin homon yana tasowa, wato sinadaran da wasu sassan jiki suke zubawa cikin jini domin su isar da umarni ga wasu sassan. Tun a 1896 likitoci a Barlin suka fara ba mata garin ma'ajiyar ƙwan dabbobi da nufin mayar musu da abin da jikinsu ya daina samarwa, a wannan zamanin ne kuma aka fara ba masu ƙiba sinadarin tayirod, wato na 'yar tsokar gaban wuya wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, ko da tasu lafiyarta ƙalau, abin da yake jawo bugun zuciya da zaizayar ƙashi. A 1933 aka shigo da dinitrophenol, wani sinadarin masana'antar nakiya da yake sa jiki ya ƙone abinci ya zama zafi, ya rage nauyi da gaske amma ya makantar da mutane da yanar ido, ya kashe wasu da zazzaɓi, har aka hana shi a 1938. Bayansa aka yi zamanin amfetamin mai kashe yunwa da hana barci, sannan haɗin ƙwayoyin da aka sani da fen-phen, wanda aka janye a watan Satumba na 1997 bayan asibitin Mayo ya ba da rahoton mata 24 da ƙofofin zuciyarsu suka lalace. Ba don mata masu ɗaukewar al'ada kaɗai aka yi waɗannan magunguna ba, sai dai mata ne mafi yawan masu shan su.

Babbar kasuwar ita ce ta istirojin, homon da ma'ajiyar ƙwan mace take samarwa wanda yake raguwa ƙwarai idan al'ada ta ɗauke. Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa da nasa aikin, sun tace shi a 1929, a 1942 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Premarin, ƙwayar da ake haɗawa daga fitsarin goɗiya mai ciki. Maganin yana da amfani na gaskiya, domin har yau babu abin da ya kai istirojin kwantar da zafin jikin da yake taso wa mace farat ɗaya da gumin dare, kuma tun wajen 1940 Fuller Albright ya nuna alaƙar raguwarsa da raunin ƙashi. Ɓarnar ta zo ne daga wuce gona da iri. A 1966 likitan mata Robert Wilson na New York ya wallafa littafin Feminine Forever, inda ya bayyana ɗaukewar al'ada a matsayin cutar ƙarancin homon da ya kamata a yi wa magani har ƙarshen rayuwa, ya kuma yi wa mata alkawarin riƙe ƙuruciya da kyan sura. An sayar da kwafi kusan 100,000 cikin watanni bakwai, daga baya aka san cewa kamfanonin da suke yin maganin ne suke ɗaukar nauyin gidauniyarsa. A 1975 bincike biyu da aka buga a wata babbar mujallar likitoci ta Boston suka nuna cewa shan istirojin shi kaɗai yana ninka haɗarin ciwon dajin mahaifa fiye da sau huɗu, kasuwa ta faɗi, sannan ta farfaɗo bayan an fara haɗa shi da wani homon mai kare mahaifa.

Duk tsawon wannan lokaci mata suna jin magana biyu masu karo da juna, masu talla suna cewa homon yana tsare sura, maƙwabta suna cewa yana sa ƙiba. Wani gwaji da aka yi wa mata 875 na tsawon shekara uku, wanda aka fara fitar da sakamakonsa a 1995, ya nuna cewa duka rukunonin sun ƙara nauyi, masu shan homon sun ƙara ƙasa da waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta da kimanin kilo ɗaya kacal. Babban shirin binciken lafiyar mata na WHI, wanda aka ƙaddamar a 1991 a zamanin Bernadine Healy, mace ta farko da ta shugabanci cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, ya ɗauki mata fiye da 160,000 masu shekara 50 zuwa 79. A watan Yuli na 2002 aka dakatar da ɓangaren da yake gwada haɗin homon biyu a kan mata 16,608 saboda ƙaruwar ciwon dajin mama da shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini, miliyoyin mata kuma suka daina sha. Nazarin baya ya sassauta hukuncin, ganin cewa matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, kuma ga wadda ba ta kai 60 ba mai fama da zafin jiki amfanin yakan rinjayi haɗarin. Abin da babu wani gwaji da ya tabbatar shi ne cewa homon maganin rage nauyi ne.

Amsar tambayar asali, wato ko ɗaukewar al'ada ce take kawo ƙiba, ta fito ne daga wata hanya da aka daɗe ana yi wa kallon banza. A 1947 likita Jean Vague na birnin Marseille ya rarrabe ƙiba gida biyu, wadda take taruwa a cinya da ɗuwawu da wadda take taruwa a ciki, ya ce ta biyun ce take tafiya da ciwon suga da cutar jijiyoyin jini. An yi kusan shekara 40 kafin a ɗauki maganarsa da muhimmanci, sai da binciken birnin Gothenburg na Suwidin ya nuna a 1984, bayan bin mata 1,462 na tsawon shekara 12, cewa faɗin ƙugu idan aka gwada shi da na ɗuwawu ya fi nauyin jiki nuna wadda za ta gamu da bugun zuciya. Dalilin kuwa shi ne kitsen da yake kewaye hanji yana zuba abin da yake fitarwa kai tsaye zuwa hanta, yana kuma sa jiki ya daina jin umarnin insulin, homon da yake shigar da suga cikin tsoka.

A 1991 Rena Wing da abokan aikinta a Pittsburgh suka wallafa sakamakon bin mata 485 masu shekara 42 zuwa 50 na tsawon shekara uku. Matsakaicin abin da suka ƙara kilo 2.25 ne, kuma babu bambanci tsakanin waɗanda al'adarsu ta ɗauke cikin wannan lokaci da waɗanda suke ci gaba da ganinta. Binciken SWAN, wanda ya fara ɗaukar mata 3,302 daga ƙabilu biyar a cibiyoyi bakwai na Amurka a 1996, ya sami kusan wannan adadi, ya kuma gano cewa yawan motsa jiki ya fi matakin al'ada bayyana wadda za ta ƙara. Amma matan da suke cewa jikinsu ya sauya ba ƙarya suke yi ba, kuma a 2019 Gail Greendale da tawagarta suka nuna yadda abin yake ta hanyar hoton da yake rarrabe kitse da tsoka da ƙashi: kimanin shekara biyu kafin haila ta ƙarshe saurin taruwar kitse yakan ninka, tsoka kuma ta fara raguwa, hakan ya ci gaba har kimanin shekara biyu bayanta, sannan ya lafa. Da yake abin da aka ƙara a nan an rage wani ɓangarensa a can, allurar sikeli tana ci gaba da hawa ne da saurin da ta saba tun kafin lokacin. Shekaru da ƙarancin motsi ne suke kawo kilo, ɗaukewar al'ada kuma ita take sauya abin da kilon ya ƙunsa da wurin da zai zauna. Ko zancen cewa jiki yana daina ƙona abinci a shekara 50 ya raunana, domin nazarin da Herman Pontzer ya jagoranta a 2021 kan mutane fiye da 6,400 ya nuna cewa idan aka yi la'akari da girman jiki da yawan tsoka, ƙonawar tana nan daram daga shekara 20 zuwa 60.

Batun abinci shi ma sai da aka gwada shi. A ɓangaren abinci na WHI an raba mata 48,835 gida biyu, aka koya wa rukuni ɗaya rage mai da ƙara ganye da 'ya'yan itatuwa da hatsi, ba tare da an ce su rage yawan abin da suke ci ba. Sun sauke kimanin kilo 2.2 a shekarar farko, amma bayan shekara bakwai da rabi bambancinsu da sauran bai kai rabin kilo ba. Wani ƙaramin gwaji a Pittsburgh, na mata 535 masu shekara 44 zuwa 50, ya haɗa rage yawan abinci da tafiyar ƙafa a kai a kai da bibiyar malaman lafiya, kuma bayan wata 54 matan wannan rukuni suna kan nauyin da suka fara da shi yayin da sauran suka ƙara kilo 2.4. Sakamako ne mai tawali'u wanda ba ya cika allon talla, amma shi ne abin da aka tabbatar: ana iya tsayar da hawan.

Ko wannan bai hana kasuwa samun sabon kaya ba. Margaret Lock, masaniyar al'adun al'umma da ta yi aiki a Japan a shekarun 1980, ta gano cewa kusan mace ɗaya cikin goma ce take ƙorafin zafin jiki a can, alhali a Kanada da Amurka kusan ɗaya cikin uku ce. A 1992 wasu masu bincike suka kawo shawarar cewa wataƙila waken suya ne sila, saboda yana ɗauke da sinadarai masu kama da istirojin, nan da nan kuwa shaguna suka cika da ƙwayoyin da aka tatso daga gare shi. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun sami ɗan amfani ko babu. Waken suya da awarar da ake yi da shi abinci ne mai gina tsoka kuma mai araha, darajarsa ke nan, ita kuwa Lock ta dage cewa bambancin ya shafi dukan tsarin rayuwa da yadda al'umma take kallon tsufan mace.

Kusan duk waɗannan alƙaluma daga Turai da Amurka da Japan suke, kuma wannan giɓi ne da ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Wani bincike da aka yi wa mata 563 a yankin Ile-Ife, aka wallafa a 1990, ya sami matsakaicin shekarun ɗaukewar al'ada wajen 48. Babban binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata sun wuce nauyin da ya dace, amma awonsa yana tsayawa ne a kan masu shekara 15 zuwa 49, wato yana ajiye ma'auni daidai lokacin da matsalar take farawa. A al'adar Bahaushe cikar jikin dattijuwa alama ce ta hutu da kwanciyar hankali, kuma a shekarun ne surukai da jikoki suke karɓe mata aikin gida, a zamanin da injin niƙa ya riga ya ɗauke daka da surfe, shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba kuma suka rage wa gero da dawa wuri a birane. Kasuwar da take sayar wa 'yan mata sha-ka-fashe, wato maganin ƙara ƙiba, ita ce take sayar wa iyayensu shayin rage tumbi, sau da yawa babu wanda ya san abin da yake cikinsa, kamar yadda masu sayen tsimin Pinkham ba su sani ba kafin 1906.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki ƙugun mace da ya wuce santimita 80 a matsayin alamar haɗari, wanda ya wuce 88 kuma haɗari mai girma, kuma tef ɗin awon tela ya isa a gane hakan a cikin ɗaki. Macen da ta kai wannan mataki ta fi bukatar a auna mata ƙugu da hawan jini da suga a asibiti a kan a sayo mata shayi, kuma duk jinin da ya dawo bayan wata 12 da ɗaukewarsa dalili ne na ganin likita ba tare da jinkiri ba.